Phineas Gage: mutumin da sandar ƙarfe ta ratsa kansa, ya rayu kusan shekara 12 yana neman na kansa

A birnin Boston na ƙasar Amurka, cikin gidan adana kayan tarihi na makarantar koyon aikin likita ta jami'ar Harvard, akwai ƙoƙon kan wani mutum mai huji a samansa, da wata sandar ƙarfe da ake ajiye tare da shi. Ƙoƙon kan na Phineas Gage ne, ma'aikacin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa da ya rasu a shekara ta 1860. Sandar kuwa ita ce ta shiga ta kuncinsa ta fita ta tsakar kansa, kuma Allah ya yi da sauran kwanansa a gaba. Duk ɗalibin da ya karanci aikin likita ko ilimin halayyar ɗan Adam, a Yamai ne ko a Dakar ko a Paris, da wuya ya gama karatu bai ji sunansa ba.

Labarinsa ya shafe mu a nan ƙasar Manga. Daga Maine-Soroa zuwa Diffa, har garuruwan bakin Komadugu, kusan kowace unguwa tana da wani da ya taɓa buguwa a kai: wanda mota ta kife da shi a kan babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, wanda ya faɗo daga bisa raƙumi ko iccen dabino, wanda aka sara da sanda a rigimar gona, wanda nakiya ta tashi kusa da shi a shekarun tashin hankali. Ciwon ya warke, an yi barka, amma mutanen gida suna cewa tun daga ranar ba shi ba ne. Rayuwar Gage tana cikin na farko da likitoci suka rubuta dalla-dalla a kan irin wannan sauyi, kuma ta nuna abin da ke taimakon mutum ya dawo cikin jama'a.

Ɗan manoma da ya zama shugaban ma'aikata

An haifi Phineas Gage a shekara ta 1823 a jahar New Hampshire, arewa maso gabashin Amurka. Shi ne babba cikin ƴaƴa biyar na Jesse Gage da matarsa Hannah. Gidan manoma ne, kuma bai yi zurfi a karatu ba, sai dai ya iya karatu da rubutu. Likitan da ya yi jinyarsa daga baya ya siffanta shi da mutum mai ƙarfi da ƙoshin lafiya, tsawonsa mita 1.68, nauyinsa kimanin kilo 68, wanda tun yana yaro da wuya a ce ya kwanta ciwo ko na yini guda.

Zamanin nan Amurka na cikin haɗa garuruwanta da hanyar jirgin ƙasa, kuma inda dutse ya tare hanya sai a fasa shi da albarushi. Gage ya ƙware a wannan aiki har aka ba shi shugabancin wata ƙungiyar ma'aikata yana da shekara 25. Masu kwangilar da suka ɗauke shi suna ganin ba su da wani shugaban ma'aikata da ya kai shi iya aiki, ga natsuwa, ga cika abin da ya sa gaba.

Ga yadda aikin yake. A haƙa rami mai zurfi cikin dutse, a zuba albarushi, a sa lagwanin da zai kai wuta, sannan a bi da yashi ko yumɓu a danne da sandar ƙarfe, domin ƙarfin fashewar ya koma cikin dutsen. Sandar Gage wani maƙeri ne ya ƙera masa ita yadda yake so: tsawonta mita 1.1, kaurinta santimita 3.2, nauyinta kilo 6, kuma gefe guda an fiƙe shi ya yi tsini.

Ranar 13 ga watan Satumba na 1848

Da la'asar, wajen ƙarfe huɗu da rabi, Gage da mutanensa suna aiki kusa da ƙauyen Cavendish a jahar Vermont, a kan hanyar jirgin kamfanin Rutland da Burlington. Yana cikin danne albarushi sai ma'aikatan da ke bayansa suka ɗauke masa hankali, ya waiwaya, kansa ya zo daidai bakin ramin. Sandar ta gogi dutse, wuta ta tashi, albarushin ya kama. Ana kyautata zaton ba a riga an zuba yashin ba.

Sandar ta tashi kamar mashi. Tsininta ya shiga ta kuncin hagu, ya bi ta bayan idon hagu, ya ratsa gaban ƙwaƙwalwa, ya fasa ƙoƙon kai ya fita ta sama. An tsince ta kimanin mita 25 daga wurin, jini da ɓarɓashin ƙwaƙwalwa sun ɓata ta.

Gage ya faɗi rigingine, hannuwa da ƙafafu suka yi ta fizga na ɗan lokaci. Cikin ƴan mintoci ya fara magana. Aka kama shi ya taka, aka ɗora shi a amalanken shanu, ya zauna a miƙe har masaukinsa, tafiyar kilomita ɗaya da ɗan wani abu. Likitan farko da ya iso, Edward Williams, ya tarar da shi zaune bisa kujera a ƙofar masaukin yana ba mutane labarin abin da ya faru. Likitan ya ga ramin da idonsa, ya ga ƙwaƙwalwa na motsi a ciki, amma da farko bai yarda da labarin ba, sannan Gage ya yi amai wani ɓangarenta ya zubo ƙasa.

Wajen ƙarfe shida na yamma wani matashin likita mai suna John Martyn Harlow ya karɓi jinyar. Ya aske gashin wurin, ya cire gudan jini da ƙananan ɓaraguzan ƙashi, ya mayar da manyan guda biyu mazauninsu, ya ɗaure raunin amma bai rufe shi duka ba domin ruwa ya samu hanyar fita. Ya kuma sa a ɗaga kan majinyacin sama da sauran jikinsa. Hannuwansa ma da wuta ta ƙona aka naɗe su.

Mako goma tsakanin rai da mutuwa

Ya kamata mai karatu ya tuna zamanin da ake ciki. Babu maganin kashe ƙwayoyin cuta. Sai a 1928 aka gano fenisilin. Likitoci ba su ma san ƙwayoyin cuta ne ke ruɓar da rauni ba. Babu na'urar ɗaukar hoton cikin jiki. Abin da Harlow yake da shi shi ne ido, da hannu, da zama kusa da majinyaci.

Washegari Gage ya gane mahaifiyarsa da kawunsa, waɗanda aka kira daga garin Lebanon mai nisan kilomita 50. Bayan nan ya shiga sambatu, ya dawo hayyacinsa, ana ganin kamar an tsallake. Sai a mako na biyu jiki ya rikice. Raunin ya ruɓe, wari ya cika ɗakin, ya daina magana sai in an kira shi, shi ma kalma ɗaya-ɗaya. Ƴan uwa suka fid da rai, har aka tanadi akwatin gawa.

Harlow bai haƙura ba. Ya yanke ruɓaɓɓen naman da ya tsiro a bakin raunin, ya ƙona wurin da magani, ya tsaga goshin, mugunya mai yawa ta fito, kusan rubu'in lita. Masana tarihin aikin likita suna ganin wannan tsagar ce ta ceci ransa. Ranar 7 ga Oktoba, kwana 24 bayan hatsarin, Gage ya tashi daga gado ya yi taku guda. Bayan wata ɗaya yana hawa bene yana sauka. Ya yi gaggawar fita cikin sanyi ba rigar kirki, zazzaɓi ya sake kwantar da shi, ya kuma tashi. Ranar 25 ga Nuwamba aka mayar da shi gidan iyayensa a Lebanon.

A nan gida ne ya fara komawa aiki kaɗan-kaɗan. Zuwa watan Fabrairu na 1849 yana kula da dawaki da ba dabbobi abinci, da lokacin huɗa ya zo kuma yana iya aikin rabin yini. A watan Afrilu ya koma Cavendish ya ga Harlow. Idon hagu ya mutu, fatarsa ta rufe, akwai babban tabo a goshi da wani loɓaɓɓen wuri a tsakar kai. In ban da wannan, jiki ya warke.

Jiki ya warke, hali ya sauya

Gage ya nemi komawa aikinsa na dā, masu kwangilar suka ƙi. Harlow ya bayyana dalili a rahoton da ya gabatar a 1868. Mutumin da aka sani da natsuwa ya zama mai saurin fushi, mai ashar, abin da ba halinsa ba ne a dā. Ba ya ragawa abokan aiki, ba ya jurewa a hana shi abin da yake so ko a ba shi shawara. Yau taurin kai, gobe ya kasa tsayawa kan magana ɗaya. Zai tsara abubuwa da yawa da zai yi, kafin a je ko'ina ya watsar ya kama wasu. Abokansa suka ce wannan ba Gage ɗin da suka sani ba ne.

A yau likitoci sun san dalili. Ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi shi ne ke riƙe da linzamin mutum: tsara abin da za a yi, auna sakamako kafin a aikata, danne fushi, sanin maganar da ta dace a gaban suruki da wadda ta dace a majalisar abokai. In wurin ya taɓu, mutum yana iya tafiya da ƙafarsa, ya yi magana daidai, ya tuna sunan kowa, amma linzamin ya saki. Wannan ne ya sa raunin ke rikita iyali. Da ƙafa ce ta karye, kowa zai gani ya tausaya. Da yake ciwon a ɓoye yake, sai a ce mutum ya lalace, ko ya fara shaye-shaye, ko an yi masa sammu, ko iska ta taɓa shi.

A lokacin Gage likitoci na gardama kan ko kowane ɓangare na ƙwaƙwalwa yana da aikinsa na daban. A watan Nuwamba na 1849 Henry Jacob Bigelow, malamin tiyata a Harvard, ya kai shi Boston ya nuna shi ga taron likitoci, waɗanda da yawansu ba su yarda mutum zai tsira daga irin wannan rauni ba. Sai a 1861, bayan rasuwar Gage, likitan Faransa Paul Broca ya nuna a Paris cewa akwai wani wuri a gefen hagu na ƙwaƙwalwa da ke da alhakin furta magana. A 1878 kuma likitan Birtaniya David Ferrier ya kafa hujja da raunin Gage wajen bayanin aikin gaban ƙwaƙwalwa.

Daga abin kallo zuwa barga

Mutumin da ya rasa aikinsa, kuma iyakar abin da ya mallaka shi ne labarinsa, sai ya fara cin abinci da labarin. Gage ya zaga garuruwan yankinsu yana nuna kansa da sandarsa ana biya, har ya yi wani lokaci a gidan baje abubuwan mamaki na Barnum a birnin New York. Sandar ba ta rabuwa da shi duk inda ya je.

Bai daɗe a wannan rayuwa ba. Ya samu aiki a garin Hanover wurin wani mai barga da kekunan dawaki na haya, ya yi shekara ɗaya da rabi yana kula da dawaki. Mahaifiyarsa ta shaida wa Harlow cewa bayan hatsarin ɗanta ya shaƙu da yara da dabbobi ƙwarai, musamman dawaki da karnuka, kuma yana tara ƴaƴan ƴan uwansa yana ba su labaran bajinta da shi ya ƙirƙira. Wanda ya riƙe aiki guda wata 18 ba shi ne mutumin da ya kasa tsayawa kan magana ɗaya a farkon 1849 ba. Sauƙi ya fara samuwa.

Shekara bakwai a kan hanyar Santiago

A watan Agusta na 1852 wani mai shirin kafa kamfanin sufuri a ƙasar Chile, can Kudancin Amurka, ya gayyace shi. Gage ya tafi, ya zama direban keken dawaki mai ɗaukar fasinja tsakanin tashar jiragen ruwa ta Valparaíso da babban birni Santiago. Dawaki shida ke jan keken, tafiyar kuwa ta kusan awa 13 ce a kan hanya marar kyau mai hawa da gangara.

Wanda ya san aikin direban da ke tashi daga Diffa da asuba ya nufi Damagaram zai gane nauyin wannan aiki. Sai ka tashi tun duhu, ka ciyar da dawaki, ka goge su, ka ɗaura musu kaya. Ka isa tasha a kan lokaci, ka loda kayan fasinja, ka karɓi kuɗi ka ba da canji. Ka riƙe linzamin dawaki shida, kowane da halinsa, ka san inda za ka rage gudu tun kafin kwana ta zo. Ka yi haƙuri da fasinja, a ƙasar da harshenta ba naka ba ne. Gage ya yi kusan shekara bakwai yana wannan sana'a. Wani likita Ba'amurke mai suna Henry Trevitt, wanda ya san shi a Chile, ya ba da shaida cewa ya gan shi da lafiyarsa kuma bai ga wata tawaya a hankalinsa ba.

Masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Ostareliya, Malcolm Macmillan, wanda ya shafe shekaru yana bin diddigin rayuwar Gage kuma ya fitar da littafi a kansa a shekara ta 2000, yana ganin aikin da kansa ne ya zama magani. Kowace rana iri ɗaya ce da jiya, kowane aiki yana bin wani a jere, akwai lokacin farawa da na gamawa, kuma kuskure yana bayyana nan take. Tsarin da ƙwaƙwalwarsa ta kasa yi daga ciki, sai ya same shi daga waje, har ya zame masa jiki. Cibiyoyin farfaɗo da masu raunin ƙwaƙwalwa na yau a kan wannan hanya suke tafiya: a raba aiki ƙanana-ƙanana, a maimaita, a riƙa tunatarwa, sannan a janye taimakon sannu a hankali.

Farfaɗiya da ƙarshen rayuwa

A 1859 lafiyarsa ta fara ja baya. Ya bar Chile ya shiga jirgin ruwa zuwa San Francisco, inda mahaifiyarsa da ƙanwarsa Phebe suka koma da zama. Ya iso a galabaice, suka yi jinyarsa har ya murmure. Da ya ji ƙarfi sai ya matsa shi dai aiki yake so, ya samu aikin gona a Santa Clara.

A watan Fabrairu na 1860 farfaɗiya ta fara kama shi, fiye da shekara 11 bayan hatsarin. Ya rasa aikin gonar, ya riƙa neman wani nan da can, ciwon kuma yana ƙaruwa. Ranar 18 ga Mayu ya koma gidan mahaifiyarsa. Da asubar ranar 20 ga wata farfaɗiya mai tsanani ta kama shi, aka kira likita ya yi masa tsagar fitar da jini irin ta wancan zamani, ciwon ya yi ta dawowa ba ƙaƙƙautawa. Ya rasu ranar 21 ga Mayu na 1860 yana da shekara 36, aka binne shi a San Francisco.

Tabon da rauni ke bari a ƙwaƙwalwa yana iya haifar da farfaɗiya bayan watanni ko shekaru, kuma hatsarin ya fi yawa in wani abu ya huda ƙoƙon kai. Maganin fenobarbital, wanda yake cikin mafi arha a yau, sai a 1912 aka fara amfani da shi. Gage ya mutu da ciwon da a yanzu ake iya dannewa ga mafi yawan masu shi da ƙwayar da ake sha kullum.

A 1866 Harlow ya samu labarin rasuwar, ya rubuta wa iyalin. Da yardarsu aka tono ƙoƙon kan, mijin Phebe ya kai masa shi tare da sandar. Bayan ya gama nazari ya miƙa su ga Harvard.

Abin da aka ƙara masa, da abin da aka gano

Bayan mutuwarsa labarin ya yi ta girma a bakin marubuta. Littattafai da dama sun mayar da shi mashayi, ɗan iska mai yawon banza, wanda bai sake riƙe aiki ba har ya mutu. Macmillan ya koma ga rubutun waɗanda suka gan shi da idonsu, ya tarar babu wannan a ciki. An ɗauki halin da ya shiga a shekarun farko, an ƙara gishiri, an shafa wa rayuwarsa duka.

A 2009 aka gano wani tsohon hoto da aka tabbatar nasa ne, a 2010 kuma aka samu na biyu. A ciki ana ganin mutum mai kyan sura da tufafi masu tsabta, ido ɗaya a rufe, yana riƙe da sandarsa. Binciken da aka yi da na'urar sikana a 2004 ya nuna cewa ɓangaren hagu ne sandar ta lalata. Wani binciken na 2012 ya ƙiyasta cewa ta taɓa kimanin kashi 4 cikin 100 na ɓawon ƙwaƙwalwa, da kusan kashi 11 cikin 100 na jijiyoyin da ke haɗa sassanta. A garin Cavendish an kafa allon tunawa da shi a 1998, shekara 150 bayan hatsarin.

Abin da rayuwarsa ke koya wa gidajenmu

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce hatsarin hanya na kashe mutum kusan miliyan 1.19 a kowace shekara, kuma nahiyar Afirka ce ke kan gaba in an auna da yawan jama'a. Ta kuma ce hular kwano da aka ɗaura daidai tana rage hatsarin raunin ƙwaƙwalwa har da kashi 74 cikin 100. Ga mutumin Maine-Soroa wannan lissafi yana da nauyi na daban. Asibitin jaha yana Diffa, kusan kilomita 70. In abin ya fi ƙarfinsa sai Damagaram. Ƙwararrun tiyatar ƙwaƙwalwa kuwa galibinsu suna Yamai, fiye da kilomita 1,200. Inda likita ke da nisa haka, kariya da saurin gane alama su ne rabin magani.

Gage ya yi magana, ya taka da ƙafarsa, sannan bayan kwanaki ya kusa mutuwa. Haka raunin kai yake. Mutum na iya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya ce ba komi, alhali jini na taruwa a hankali cikin ƙoƙon kai yana danne ƙwaƙwalwa. Don haka duk wanda ya bugu a kai, kada a bar shi shi kaɗai a kwana biyun farko. In ya suma ko na ɗan lokaci ne, ko yana amai a kai a kai, ko ciwon kai na ƙaruwa, ko barci ya yi masa nauyi har tashinsa na wuya, ko magana ta rikice, ko gefe guda na jiki ya saki, ko ya yi fizga, ko jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci, ko baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya faɗi, a kai shi asibiti nan take. Ga tsofaffi alamun na iya jinkirta har makonni, bayan an ma manta da faɗuwar.

Kafin a isa asibiti, kada a jijjiga shi, a riƙe kai da wuya a miƙe lokacin ɗauka. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa. Kada a zare abin da ya kafe a kai, kada kuma a zuba toka ko garin magani a raunin. Tsumma mai tsabta ya isa. A guji asfirin da sauran ƙwayoyin ciwon jiki na ƴan talla, domin wasunsu na ƙara zubar jini, tramol kuma na iya tayar da farfaɗiya. A asibiti ma'aikata suna auna buɗe ido da magana da motsi da wani ma'auni da aka ƙirƙiro a birnin Glasgow a 1974, daga maki 3 zuwa 15. Wanda ya samu 8 ko ƙasa da haka rauninsa mai tsanani ne. Sanin lokacin da hatsarin ya faru da tsawon suman yana taimaka musu, don haka wanda ya ga abin da idonsa ya raka majinyacin.

Bayan sallama daga asibiti ne aikin iyali ke farawa. Mantuwa, saurin gajiya, ƙin hayaniya, fushi ba dalili, kuka, rashin kunyar da ba a san shi da ita ba, duk suna cikin ciwon. Duka da ɗauri da gori ba sa gyara su. Addu'a tana da wurinta, kuma ba ta hana komawa wurin likita. Abin da ya yi wa Gage amfani yana hannun kowane gida: lokacin tashi da na barci tsayayye, aiki guda a lokaci guda, umarni gajere, da mutum ɗaya mai haƙuri da ke tunatar da shi. A fara da abin da ya saba, ban ruwan dabbobi, tsince tattasai, zaman shago tare da ɗan uwa, sannan a ƙara kaɗan-kaɗan. A dakatar da tuƙi, da hawan icce, da shiga rijiya ko kogi, har sai likita ya yarda. In farfaɗiya ta zo, a kwantar da shi ta gefe, a kawar da wuta da abin da zai ji masa ciwo, kada a sa masa komi a baki. Ba a ɗaukar ta ta yawu ko taɓawa, kuma ba a yanke maganinta don an ga sauƙi.

Mai jinya ma yana buƙatar mai taya shi. Sau da yawa nauyin kan faɗa kan mace guda, uwa ko mata, har ta gaji ta rasa wanda za ta faɗa wa. Ƴan uwa su riƙa karɓar ta. A nemi ma'aikatan jin daɗin jama'a na asibiti, a tambayi wakilan Tarayyar Naƙasassu ta Nijar, FNPH, domin naƙasar da ba a gani da ido ita ma naƙasa ce. Masu gida a kasuwa da tasha da gonakin bakin Komadugu su ma suna da rawar takawa. Masu kwangilar Vermont sun rufe wa Gage ƙofa a 1849. Mai bargar Hanover ya buɗe masa tasa, daga nan ya samu hanyar Chile, ya ci guminsa shekara bakwai. Mahaifiyarsa da ƙanwarsa kuma suka karɓe shi da ƙarfi ya ƙare, ya cika a hannunsu.